Yadda za ka gyara waifai ɗin gida don gem ya daina tsaitsayawa

Wani dare cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke sa kowa ya jawo katifa tsakar gida, ina zaune a shagona da ke bakin zaure a Mabera muna buga eFootball da wani abokina da ke karatu a Zariya. Minti na 88, ɗaya da ɗaya, na tsinke daga ni sai gola, sai kawai 'yan wasan suka daskare kamar an ɗauki hoto. Kafin abin ya dawo har an kwashe ƙwallon an je an zura min. Wallahi ranar saura kaɗan in rotsa wayar da ƙasa. Washegari na sayi data mai yawa ban ga canji ba, na canza layi nan ma shiru, sai daga baya na gane ashe rautar gidanmu ce, wato na'urar da ke raba mana waifai, ke zaune a falon Baba cikin kabad ɗin talabijin, tsakanina da ita bango uku da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa. Kuɗin da na ƙona a banza kafin in gane haka shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abin da da yawanmu ba mu gane ba shi ne gem bai damu da gudun intanet ba kamar yadda muke zato. Wasan awa guda na Free Fire ko Call of Duty Mobile galibi bai cin abin da bidiyon TikTok na 'yan mintuna ke ci, saƙonni ne ƙanana ƙanana ke ta kai da komo tsakanin wayarka da sabar gem ɗin, wato babbar kwamfutar kamfani da ke tafiyar da wasan. Abin da ya dame shi shi ne jinkiri, wato lambar nan da 'yan gem ke kira ping wadda ake aunawa da ms, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sai kuma abubuwa biyu da suka fi jinkirin kansa cin rai: lambar ta riƙa tsalle, yanzu 90 anjima 300, da kuma saƙonnin su riƙa ɓacewa a hanya. Mutum mai 130 a tsaye cak zai ci mai 80 da ke tsalle, na gani ba sau ɗaya ba.

Kuma akwai wanda ba za ka iya gyarawa ba ko nawa ka kashe. Haske a cikin kebul ɗin faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Daga Sakkwato zuwa Legas inda kebul ɗin ƙarƙashin teku ke sauka wajen kilomita 1,000 ne, kebul ɗin MainOne da aka fara aiki da shi a 2010 kuma daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, wato 80ms sun riga sun tafi tun ba a sa abin da ƙarfen sabis da sauran na'urorin kan hanya ke ƙarawa ba. Toh in sabar da kake wasa a kanta tana Turai, duk wanda ya ce zai saita maka ka riƙa ganin 20 yaudararka yake yi. Mun ga zahiri ranar 14 ga Maris 2024 da kebul guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ranar duk kyawun rautarka sai dai ka haƙura.

Mataki na farko: gano inda ciwon yake kafin ka sayi magani

Hanyar kashi biyu ce. Akwai daga wayarka zuwa rauta, wannan naka ne ɗari bisa ɗari. Akwai daga rauta zuwa ƙarfen sabis har zuwa saba, wannan rabi naka rabi na kamfani. Sai ka raba su sannan za ka san inda za ka sa hannu.

Juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta ko bayanta, za ka ga adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma yawanci 192.168.8.1. In kana da laftof mai Windows buɗe cmd, wato baƙin allon nan na rubuta umarni, ka rubuta ping 192.168.0.1 -t, ko dai adireshin da ka gani a taka, ka bar shi ya yi ta gudu na minti biyu a daidai inda kake zama kana wasa, ba kusa da rautar ba. In waya kawai gare ka akwai manhajojin ping kyauta a Play Store, kowace ka ɗauka za ta yi. Abin da ya kamata ka gani shi ne lamba ƙarama, 1 zuwa 5, kuma ba ta tsalle. In kana ganin 3, 4, 120, 6, 250, ko wani layin ya ce lokaci ya ƙare ba amsa, to matsalarka a cikin gida take, kar ka ƙara zagin kamfani. Ni da na gwada a shagona abin da na gani ke nan, har na ji kunyar irin maganganun da na riƙa yi a kan masu layin.

In kuwa zuwa rauta lafiya lau ne, sai ka sake gwadawa zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Nan ne za ka ga halin waje. Ka yi gwajin sau uku a rana, bayan Asuba, da rana, da kuma bayan Isha'i, ka rubuta a takarda. In da safe yana da kyau da dare kuma ya lalace, cunkoso ne a ƙarfen sabis ɗin unguwarku, kowa ya dawo gida ya hau intanet, irin abin da ake gani a unguwanni masu cika kamar Mabera da Runjin Sambo ko inda ɗalibai suka yi yawa. Wannan sauya wa rauta wuri bai cika magance shi ba, sai dai gwada layin wani kamfanin ko sauya lokacin wasa.

Mataki na biyu: sabis ɗin da ke shigowa daga waje

Mu nan yawancinmu rauta mai cin layi muke amfani da ita, ko ƙaramar nan ta aljihu. Irin wannan rautar aiki biyu take yi lokaci guda, tana magana da ƙarfen sabis can waje, tana kuma raba waifai a cikin gida, kuma inda ya fi dacewa da aikin farko sau da yawa ba nan ne ya dace da na biyu ba. Wannan shi ne asalin rikicin.

Kar ka yarda da sandunan nan huɗu ko biyar da ke jikinta, ba su faɗin gaskiya sosai. Rubuta adireshin rautar a burauza, ka shiga da suna da faswod ɗin da ke jikin takardar, ka nemi shafin bayanin na'ura. Lambobi biyu za ka duba. RSRP shi ne ƙarfin sabis, kuma da alamar ragi yake zuwa, saboda haka -80 ya fi -100 kyau. Daga -90 zuwa sama ka gode wa Allah, in ya gangara ƙasa da -100 ka fara shiga wahala. SINR kuma shi ne tsabtar sabis ɗin, in ya haura 13 yana da kyau, 20 zuwa sama sai hamdala, in yana kusa da sifili ko ƙasa da haka to ko sanduna sun cika gem ba zai zauna ba. A wurina SINR ya fi muhimmanci.

Yanzu sai ka samu doguwar wayar wuta ko ka ɗora rautar kan fawa bank, ka bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya, kowace taga ka ajiye ta minti ɗaya ko biyu ka sabunta shafin ka rubuta lambobin. Ka gwada sama da ƙasa, ka ɗan juya fuskarta. Abin zai ba ka mamaki, taku biyu kawai na iya canza lamba sosai. Ka lura tagoginmu da yawa akwai ƙarafan tsaro da ragar sauro ta ƙarfe, su ma suna rage sabis. Kuma kar ka manna ta da kwanon rufi da sunan ɗagawa sama, kwano ƙarfe ne, ga shi kuma da rana ya zama tanda.

Ranar da nake wannan yawon Inna ta bi ni da kallo har ta gaji ta ce, "Kai wai mi kaka nema da wagga na'ura tun ɗazu kamar mai neman ɓataccen akuya?" Na ce Inna sabis nake nema. Ta ce to Allah shi ba da sa'a, amma kar in kuskura in taɓa mata tagar da take shanya kuka. Ƙarshe dai a tagar ɗakin ajiya na samu wurin da ya fi ko'ina, ɗakin da ba wanda ke zama a ciki.

In duk ka zagaye lambobin ba su gyaru ba, duba bayan rautar ko akwai ramuka biyu na ɗaura eriya, wasu a rufe suke da ɗan murfi. In akwai za ka iya sa eriyar waje ka ɗaure ta a dogon ƙarfe tana fuskantar ƙarfen sabis. Ka tafi da rautar wurin mai sayarwa don bakin ya dace, akwai SMA mai zare akwai TS9 na turawa, kuma kar kebul ɗin eriyar ya yi tsawo da yawa don kowace mita tana cinye wani abu daga abin da eriyar ta kamo. Wasu rautocin kuma suna bari ka kulle su a zango guda, wato mitar rediyon da suke magana da ƙarfen sabis a kanta. Zangon 700 da 800 suna nisa suna ratsa bango amma mutane sun fi cika a kai, 1800 da 2600 sun fi sauri in kana kusa da ƙarfe. Ka gwada ɗaya ɗaya da dare ka ga wanda ping ya fi zama a kai.

Mataki na uku: bangon gidanmu da abin da yake yi wa waifai

Wanda ya ƙera rautar nan bai san gidan Bahaushe ba. Shi a lissafinsa gida ɗaki uku ne a haɗe da bangon katako, mu kuwa ga zaure ga shigifa ga tsakar gida ga sashen Baba ga na mata ga shagon samari can bakin ƙofa. Bulon siminti na cin waifai, dekin mai rodi ya fi shi ci, tsohon ginin ƙasa mai kauri irin na cikin gari wajen Ƙofar Marke shi ma ba daga nan ba, musamman da damina in ya sha ruwa. Ƙofar ƙarfe, firij, babban madubi, tankin ruwa, duk katanga ne.

In rautar za ta raba wa gida da kanta, ka ɗaga ta sama kamar tsayin kanka, a fili, ba cikin kabad ba, ba bayan talabijin ba, ba ƙasan gado don ɓoye wa yara ba. In tana da eriya a jiki ka miƙar da su tsaye, don sabis ɗin ta gefe yake bazuwa ba ta tsinin ba. Ka tsaya a inda kake wasa ka ƙirga bango nawa ne tsakaninka da ita a miƙe, duk bangon da ka iya ragewa riba ce, wani lokacin barin ƙofa ɗaya a buɗe ma ya isa. Manhajar auna waifai za ta nuna maka lamba, -50 ya yi kyau ƙwarai, har zuwa -67 ana iya wasa, daga -70 zuwa ƙasa ka fara ganin tsalle.

Mataki na huɗu: 2.4 ko 5

Rauta mai zango biyu tana fitar da waifai a 2.4GHz da kuma 5GHz. Mutane na rikita wannan 5 ɗin da 5G na kamfanonin waya wanda MTN ta fara a Najeriya a 2022, ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan, ko layinka 4G ne rautarka na iya samun 5GHz. Na 2.4 ya fi nisa ya fi ratsa bango amma kasuwa ce, rautar maƙwabta, hotsfot ɗin kowane saurayi a layin, Bluetooth, duk a nan suke. Na 5 hanyarsa a share take amma bango biyu sun isa su kashe shi.

Shiga setin ɗin waifai ka raba musu suna, misali ɗaya Gida ɗaya Gida5, don in suna ɗaya gare su wayar na iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan ana tsakiyar wasa. In ɗaki ɗaya kuke da rautar ko bango ɗaya ne tsakani, hau na 5 ka bar wa mutanen gida na 2.4. In dole sai 2.4, to ka sa faɗinsa a 20MHz, ka zaɓi tasha 1 ko 6 ko 11, su ukun ne kaɗai ba sa hawa kan juna, ka duba a manhaja wadda maƙwabta ba su cika a kai ba ka ɗauke ta. Masu PS4 ta farko mai kauri ku sani 2.4 kaɗai take gani, Slim da Pro ne suka zo da 5, ita kuwa PS5 har Wi-Fi 6 gare ta. Kuma in kana kan 2.4 ka cire abin kunne na Bluetooth ka sa mai waya, ko ba don sabis ba ma sautin takun abokin gaba ya fi saurin iso maka.

Mataki na biyar: ja kebul, nan maganin yake

Duk abin da na faɗa a sama dabaru ne na rage zafi. Abin da ya raba ni da matsalar gaba ɗaya kebul ne. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba, kuma gida nawa ne a garin nan ya kai mita 100 daga ƙarshe zuwa ƙarshe? In PS ce ko kwamfuta, soka baki ɗaya a ramin LAN na rauta ɗayan a bayan na'urar, shikenan an gama, ping zuwa rauta zai koma 1 ya zauna. Wayoyin Android da yawa ma suna karɓar kebul ta ɗan adafta mai bakin USB-C, amma ka gwada a shagon kafin ka biya, kuma ka nemi mai ramin caji a jiki.

In kuwa ba ka son waya a ɗaure, ga abin da na yi. Babbar rauta ta zauna a tagar ɗakin ajiya inda sabis ya fi kyau, na jawo kebul mita 30 ta bin bango har shagona, na samo tsohuwar rauta da wani yayana ya daina amfani da ita na mayar da ita mai raba waifai kawai. Yadda ake yi: ka kunna tsohuwar ita kaɗai tukuna ba tare da ka haɗa ta da babbar ba, ka shiga setin ɗinta. In tana da zaɓin Access Point danna shi kawai ka huta. In babu, ka canza adireshinta ya zama gida ɗaya da na babbar amma lambar ƙarshe daban, misali babbar 192.168.0.1 ita kuma 192.168.0.2, sannan ka kashe DHCP ɗinta don kar su biyun su riƙa rigimar raba wa wayoyi adireshi. Ka ba ta suna da faswod, ka ajiye, sannan ka soka kebul ɗin a ramin LAN ɗinta, ba na WAN ba. Nan ne mutane ke kuskure. In ita ma 2.4 take fitarwa ka ba ta tasha daban da ta babbar.

Wajen sayen kebul ka yi hattara, akwai mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ka ce a kankare maka bakin waya ɗaya ka gani, in fari ya fito ka ajiye musu kayansu. Inda zai ratsa tsakar gida ka zura shi cikin fayif na roba, ranar Sakkwato ba ta barin roba tsirara ta yi shekara biyu, ga ɓeraye ga awaki. Kar kuma ka ɗaure shi jiki da jiki da wayar wuta a doguwar tafiya. Ka sa mai shagon ya matsa maka kawunan ya gwada a gabanka.

Baba da ya ga ana huda bango ya fito yana tambaya wa ya ba da izini. Na ce Baba ku yi haƙuri, ƙaramin rami ne kuma ni zan toshe da siminti, ku ma karatun da kuke saurare a waya zai daina yankewa tunda an fito da ita daga kabad. Ya yi shiru ya koma ciki, wanda a wurinsa amincewa ke nan.

Rifita fa, ɗan abin nan da ake sokawa a soket? Gaskiya ban so shi don gem. Da rediyo ɗaya yake karɓa yake kuma maimaitawa, saboda haka gudun yana raguwa kusan rabi, jinkiri na ƙaruwa, sai ka ga sanduna sun cika amma wasa na tsalle. In ba yadda za ka yi, ka sa shi a tsakiyar hanya inda sabis ke da sauran ƙarfi, ba a ɗakin da ya riga ya mutu ba. Mesh, wato rautoci biyu ko uku da ke aiki tare kamar guda ɗaya, ya fi shi nesa ba kusa ba amma da tsada, kuma shi ma ya fi daɗi in an haɗa su da kebul. Na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida kuwa, a gidan da ake juyawa tsakanin wutar gari da janareta da sola, ban ba ka shawara ba.

Mataki na shida: mutanen gida

Wani lokacin komai daidai yake sai ƙanwarka ta fara ɗora bidiyon biki a status, nan take ping ya tashi daga 100 zuwa 600. Dalili shi ne hanyar ɗorawa ta fi ta saukewa ƙunci, in ta cika sai saƙonnin gem ɗinka su shiga dogon layi a bayan bidiyon. Za ka iya gani da idonka a fast.com, in ka danna ƙarin bayani yana nuna jinkiri lokacin da layin ke zaune da lokacin da aka yi masa lodi, in tazarar na da yawa to ga ɓarawon nan.

Duba ko rautarka na da QoS, wato setin da ke fifita wata na'ura a kan sauran, in akwai ka sa na'urarka a gaba, ko ka yanka wa sauran iyakar gudu, musamman na ɗorawa. Wasu rautocin kamfani ba su da shi sam, sai dai sulhu. Ni na bi wayoyin gidan da izinin masu su na kashe sabunta manhajoji da kansu a Play Store da kuma ɗora hotuna kai tsaye na Google Photos, waɗannan biyun ke cin layi ba wanda ya sani. Sannan ka buɗe jerin na'urorin da ke haɗe ka ƙirga. Na taɓa samun 14 a gidan da wayoyinmu tara ne, ashe wani ƙanena ya raba faswod a majalisa. Ka canza shi, ka sa tsaron a WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, ka kuma canza faswod ɗin shiga setin ɗin kansa tunda kowa ya san admin admin.

Wuta da zafi

In aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareta rauta na mutuwa, kafin ta tashi ta kamo sabis minti ɗaya ko biyu sun wuce, an riga an fitar da kai daga wasa. Ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, shi ne maganin wannan, ko kebul ɗin nan mai ɗaga wutar fawa bank daga 5V zuwa 12V. Ka karanta jikin cajar rautar tukuna, wasu 12V ne wasu 9V, ka duba amfiya nawa take ja, kar ka ba ta V ɗin da ya fi wanda aka rubuta. In ka sa rauta ta biyu ita ma tana buƙatar nata.

Zafi kuma, a watan Afrilu da Mayu da muke haura digiri 40, rauta na iya yin zafi ta riƙa rage aiki ko ta sake kunna kanta. Taga ka ce za ka sa ta, to ba wadda rana ke dukanta kai tsaye ba, kar a rufe ta da ƙyallen ado, a ɗan ɗaga ƙasanta iska ta ratsa. Bayan hunturu ka samu busasshen buroshi ka share ƙurar da ta toshe ramukan. 'Yar ƙaramar ta aljihu in ana barinta a caji dare da rana batirin na kumbura, da ka ga murfin ya fara ɗagowa ka canza shi kar ka jira.

Wayar kanta ma tana yin nata. In ta yi zafi tana rage ƙarfin aiki, hoto ya riƙa sarƙewa, kai kuma ka ɗauka netwok ne. Ka kalli lambar ping a lokacin, in tana nan daram to wayar ce, cire mata riga, rage ingancin hoton gem ɗin, kashe tanadin batir, ka daina wasa tana caji. VPN galibi ƙara wa tafiyar tsawo yake yi. Canza DNS, wato abin da ke nemo wa waya adireshin shafi, da ake ta yayatawa kuma yana iya sa shafi ya ɗan yi saurin buɗewa, amma da wasa ya fara ba ruwansa da ping.

Sai maganar NAT ga masu PS, wato yadda rauta ke barin na'urarka ta haɗu da na wasu 'yan wasa. In ka yi gwajin intanet ka ga Type 3, kana kasa haɗuwa da wasu abokai ko muryar hira na yankewa, kunna UPnP a setin rauta, shi ke buɗe wa gem ƙofa da kansa, ka sake gwadawa. In bai canza ba kar ka ɓata darenka wajen buɗe ƙofofi a setin, layukan waya galibi suna haɗa mutane da yawa a bayan adireshi guda ne tun daga can wurin kamfani, abin da ka buɗe a gida bai kai can ba.

Wanda ke da hali kuma sabis ɗin unguwarsu ya ƙi, musamman gefen gari wajen Kwannawa ko Dambuwa ko ƙauyukan da ke kewaye, akwai Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinta na kusan kilomita 550 ne daga ƙasa shi ya sa jinkirinta bai kai na tsofaffin tauraron ɗan'adam ba. Tana son sararin sama a buɗe ba reshen dogonyaro a gabanta, tana cin wuta fiye da rautar layi sosai, ruwan sama mai ƙarfi na iya katse ta, kuma ita ma in ka ajiye rautarta bayan bango uku labarin bai canza ba, sai ka ja kebul ɗin nan dai.

Da damina in hadari ya haɗu ana walƙiya, duk abin da ke da waya a waje, eriya ce ko kebul ɗin da ya ratsa tsakar gida, ka zare shi daga jikin rauta da PS, ka cire su daga soket har ruwan ya wuce.